Bazazzagi da Da'irarsa

Kai Bazazzagi, Farfesan Ɗigo, kwana biyu ba a ganinka a majalisa, an ce kana ɗaki kuna dambe da kwamfuta. Wai kiɗa kake rubutawa, amma ba irin na masu hankali da ake jerawa a kan layuka biyar ba. Naka da'ira ce da ɗige-ɗige da wani layi mai lanƙwasa, makaɗi ya duba ya buga abin da ransa ya raya masa. To, Allah ya sawwaƙe.

Kada ka kumbura, ba kai ka fara ba. Earle Brown na Amurka ya riga ka da kiɗansa mai suna December 1952, shafi guda da baƙaƙen sanduna a warwatse. Cornelius Cardew na Ingila ya yi daga 1963 zuwa 1967 yana zana Treatise, shafi 193, bai rubuta wa makaɗi ko kalma ɗaya ta yadda za a kaɗa ba. Sai dai shi da hannu ya zana, kuma tsara zane dama sana'arsa ce. Kai fa? Ko bakin kofi aka kifa maka, da'irarka sai ta fito da ƙusurwa.

Shi ne ka ruga wajen manhajar rubuta kiɗa ta LilyPond, wai ta rufa maka asiri. Yo baiwar Allah nan don doka aka yi ta: ta auna tazarar sautuka, ta ja sandar awo, ta hana alama hawa kan 'yar'uwarta. Duk abin da kake son hargitsawa, shi aka koya mata gyarawa. Ka ɗauko alƙali ka ce sai ya taya ka rawa a kasuwa. Ba a ma zane a cikinta, umarni ake bugawa da haruffa, a jira ta fitar da shafi. Ka ɓatar da layukan da \stopStaff, ka cusa lambobi cikin \markup har asuba, shafi ya fito, da'irar na zaune daram a kan sunanka. Ka matsa da ita, ta koma shafi na biyu.

Gaskiya dai ka yi ƙoƙari, don Bazazzagi ya san inda ake kunna kwamfuta ma abin a yi walima ne. Da manhajar Finale kake mana gadara, ga shi masu ita sun daina sayar da ita tun 2024, kai ne kaɗai ba ka karɓi gaisuwa ba.

Ga shawara kyauta, irin wadda ubangida ke ba bawansa: zana kayanka a Inkscape, ka adana a SVG, ka shigar cikin MuseScore ko Dorico a matsayin hoto. Su riƙe sautuka, kai ka riƙe shirmenka. Na san ba za ka ji ba, ku in hanya ba ta da wuya ba kwa ganin boko ce. In ka gama ka aiko mini Kano, mai ƙosan layinmu na neman takarda.