Rabe-raben Maciya Abinci a Kwangila

Kwangila mahaɗa ce a Zariya, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gamu da wadda ta nufi Samaru da Shika har Funtuwa. A ƙarƙashin gadar sama da bakin tasha abinci ba ya yankewa tun daga asuba har tsakar dare: koko da ƙosai, tuwo, shinkafa da wake, fura, shayi, tsire. Maciyan wurin sun kasu kashi bakwai. Kowane kashi yana da abin da ya riƙe, da hujjar da yake kare kansa da ita, da ciwon da yake tarawa a hankali.

Sarkin tuwo. A wajensa duk abin da ba tuwo ba ne taɓa-ka-lashe ne. Zai ci shinkafa faranti biyu a gidan biki, ya koma gida ya ce rabonsa da abinci tun safe. Da safe ɗumame, da rana malmala uku, da dare a maimaita. Miya kuwa ɗan dangwale yake yi mata, don kada ta ƙare kafin tuwon. Matsalarsa ita ce masarar da aka surfe tas ta rabu da dusarta, wadda ke rage saurin shigar sukari cikin jini. Shi ya sa bayan azahar ake samunsa a kan benci, hula a fuska, yana cewa tunani yake yi. In an ce ya rage tuwo ya ƙara miyar kuka ko kuɓewa, sai ya tambaya ko laifi ya yi.

Ɗan teburin mai shayi. Yana da wurin zamansa a benci, da kofinsa da mai shayi ya sani, da shafinsa a littafin bashi. Odarsa ba ta canzawa: “Haɗa mai kauri, Indomie biyu, ƙwai uku, a yanko burodi.” Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12. Shi yakan shanye rabin wannan a kofin farko, kafin a lissafa lemon kwalba na rana. Shayin da ake kora abinci da shi kuma yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganye. Ribarsa ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: hira. Siyasa da ƙwallo da farashin fetur duk a teburin ake yanke musu hukunci, kuma zama cikin mutane yana rage kaɗaici da damuwa.

Ɗan goro da lemon ƙara kuzari. Galibi direba ne ko ɗan acaɓa. Karin kumallonsa ɓarin goro, abincin ranarsa gwangwani mai sanyi, sai dare ya tuna yana da ciki. Goro da irin wannan lemo duk suna ɗauke da kafeyin, wanda kusan rabinsa ke nan cikin jini bayan awa biyar. Wanda ya sha da magariba, ƙarfe ɗayan dare idonsa biyu yana lissafin balas. Ƙarancin barci da yunwa su ke haifar da saurin fushi, shi ya sa canjin naira hamsin kan zama shari’a a bakin tasha. Shi dai ya tafi a kan cewa fasinjojin zamani ne ba su da tarbiyya.

Mai olsa. Shi ya auna kansa, shi ya ba kansa sakamako. Ba ya cin yaji, ba ya cin tsami, ba ya cin wake, sai in a gidan wani aka dafa. Aljihunsa ba ya rabo da maganin tauna, kuma olsarsa takan tashi daidai lokacin da aka zo aikin gayya. Ya yi imani yunwa ce ta huda masa ciki. Likitoci biyu ’yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun sami kyautar Nobel a 2005 saboda gano cewa ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke jawo mafi yawan gyambon ciki. Wani sanadin kuma shi ne yawan shan wasu magungunan kashe zafin jiki, irin waɗanda yake haɗiya kullum da dare. Gwaji da maganin ’yan makonni kan raba mutum da ƙwayar, amma rabuwa da ita na nufin rabuwa da uzuri.

Alhajin tsire. Ba ya saukowa daga mota, gilashi kawai yake saukewa, mai nama ya rugo da ɗanɗano a bakin wuƙa. Ya fi son wurin kitse, a barbaɗa yaji har takardar ta jiƙe. Ganye a wajensa abincin awaki ne, tumbi kuwa shaidar rufin asiri. Yajin tsire cike yake da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. A 2015 kuma sashenta mai binciken ciwon daji ya sa jan nama cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin hanji. Hawan jini ba ya yin sallama, don haka ranar da ɓarin jiki ya shanye sai a ce jifa ne.

Almajirin likitan waya. Kowane mako da sabon tsari, gwargwadon saƙon muryar da ya shigo WhatsApp. Wannan makon ruwan ɗumi da lemon tsami, na gaba an haramta shinkafa, na bayansa garin zogale ya zama maganin cuta arba’in. Zogale da zoɓo da tafarnuwa abinci ne masu amfani, amma ba sa maye gurbin maganin ciwon sukari ko na hawan jini. Haɗarin wannan mutum ya fi na kowa, domin yakan ajiye maganin da likita ya rubuta, har sai an kwashe shi zuwa asibitin koyarwa na Shika. Ga kuma fargabar da yake saka wa kansa: kowace loma sai ya tuhume ta.

Ɗalibi mai lissafi. Daga Samaru ko Kongo yake, harabobin Jami’ar Ahmadu Bello. Tsarinsa a lambobi yake: 1-0-1 a farkon wata, wato a ci da safe, a tsallake rana, a ci da dare, 0-1-0 a tsakiya, ƙarshen wata kuwa garin kwaki da ruwa mai yawa, a jira ya kumbura. Ba zaɓi ba ne, aljihu ne. Ƙwaƙwalwa tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin jiki, don haka mai karatu da yunwa yakan maimaita layi ɗaya sau biyar. Garau-garau da ƙuli-ƙuli da awara su ne masu cetonsa, don suna ba da furotin da araha.

Akwai kuma wanda ba ya shiga lissafi, wato ɗan bismilla. Ba ya saye, ba ya dafawa, amma ya san lokacin da kowa ke buɗe kwano. Yana cewa “Wallahi na ƙoshi” yana wanke hannu. Da yake yau dambu ne, gobe kwaɗon rama, jibi kifi, abincinsa ya fi na kowa bambanta, kuma lafiyarsa ƙalau. Masu kwanon ne jininsu ke hawa.

Abin da ya haɗa kashi bakwai ɗin shi ne riƙe abu ɗaya, ko don talauci ko don sabo, wanda Hausawa suka kira turken wawa. Abin da masana ke nema shi ne haɗi: hatsi da dusarsa, wake ko gyaɗa, nama kaɗan, da ganye da ’ya’yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana. Faten tsaki da rama da yakuwa da gyaɗa, wanda Kanawa ke tsokanar Zazzagawa da shi, ya tara mafi yawan waɗannan a kwano ɗaya, kuma kuɗinsa bai kai na tsinken tsire uku ba.