Jinsunan Mutane a Gaban Mas'alar Gayya

Daga cikin mas'alolin ilmin hisabi babu wadda ke tona asirin ɗabi'ar ɗan Adam kamar wadda malami kan ce, wani manomi yana nome gona shi kaɗai cikin kwana 6, wani kuma cikin kwana 3, to, in suka haɗa hannu kwana nawa za su yi? Tsohuwar mas'ala ce, domin mutanen Sin sun rubuta irinta, ta tafkin da magudanai 5 ke cikawa, a littafin lissafinsu mai babi 9 kimanin shekara 2000 da suka shuɗe, amma har yau in aka jefa ta cikin majalisi sai jama'a ta rarrabu.

Akwai Mai Tarawa, wanda tun malami bai rufe baki ba ya ce kwana 9, kuma ko an nuna masa cewa bisa hisabinsa taimako ya zama musiba, sai ya ce ai lissafi ba ya ƙarya. Kusa da shi Mai Sulhu yake zaune, wanda saboda gudun ɓata wa ɗayansu rai ya yanke kwana 4 da rabi, ya manta cewa mai kwana 3 da an ƙyale shi shi kaɗai da tuni ya rataye fartanyarsa.

Mai Gardama kuwa, Allah ya raba mu da zama kusa da shi, ba ya taɓa alƙalami sai an gaya masa gonar jigawa ce ko fadama, noman firi ne ko maimai, an yi ruwa daren jiya ko ƙasa ta bushe, akwai mai gangar noma, kuma wa aka ɗora wa kawo fura. A ganina yana da ƙanshin gaskiya, domin hisabi ya ƙaddara cewa hannu ba ya gajiya kuma baki ba ya hira, alhali duk wanda ya halarci gayya ya san akwai mai zuwa da hantsi ya tsaya gyaran ƙota har a sauke tuwo. Illa dai ba a taɓa jin amsa daga bakinsa ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mahaddaci. Ya haddace cewa a ninka adadin biyu a raba da jimlarsu, 18 a raba 9, ya sami kwana 2, ya dace, har ya fara hura hanci. Da aka ƙaro manomi na uku mai kwana 2, sai ya ninka ya sami 36, ya raba da 11, ya fito da fiye da kwana 3, wato zuwan ƙaƙƙarfa ya jinkirta aiki, alhali amsar kwana 1 ce tak.

Can gefe kuma ga Malamin Fara'idi, wanda bai taɓa shiga ajin boko ba, yana jan tasbaha. Shi bai dubi kwanaki ba, abin da kowa ke nomewa a yini ya duba: na farko sudusin gona, na biyu sulusi, sudusi da sulusi nusufi ke nan, saboda haka kwana 2, wallahu a'alamu. Sa'an nan ya gyara rawani, ya sassauta murya, ya tambaya yaushe mai gonar ya rasu, kuma ya bar 'ya'ya maza ko kuwa mata ne kaɗai.