Masoya Saurayi Mai Fiffike

Tun da Twilight na Stephenie Meyer ya fito a 2005 ya cika aljihun masu buga littattafai a Amurka, kowa ya rufta kan labarin masu shan jini har kasuwar ta cunkushe. Da aka rasa sabon dodo a ƙasa, sai aka ɗaga kai sama. A 2009 Becca Fitzpatrick ta saki Hush, Hush, Lauren Kate ta biyo ta da Fallen kafin shekarar ta fita, daga nan har wajen 2012 da wuya yarinya ta shiga sabuwar makaranta a cikin littafi ta gama zangon farko ba ta yi karo da wani saurayi da aka koro daga sama ba. Littattafan sun tsallako teku, wasu a kwalin 'yan gwanjo, akasari kuma ta waya, suka tara jama'arsu a ɗakunan kwanan ɗalibai. Jama'ar nan kuwa kowacce da irin fitinarta.

Uwar gayya ita ce Dillaliya. Ba ta tambayar mutum ko yana da sha'awa. Ƙawarta za ta dawo daga lacca a gajiye ta tarar da Fallen a kan filo, da hoton budurwar nan mai baƙar riga da ta rufe fuska da tafin hannu. "Babi ɗaya kawai, ƙawata, in bai yi miki ba ki maido." Daga nan sai ta jawo bokiti ta kife ta zauna, ta zuba wa mai karatun ido, tana auna yawan shafin da aka ci da tsinin farce. In aka yi murmushi ta ce, "Ina kika kai?" In aka yi hamma ta ɓata rai. Ta rantse ba za ta faɗi komai ba, amma kafin a kai shafi na ashirin ta riga ta sanar cewa jarumin, Daniel, ya daɗe da sanin jarumar, Luce, cewa duk rayuwar da suka haɗu sai yarinyar ta kama da wuta ta mutu tana da shekara 17, kuma daƙuwar da ya yi mata da yatsa ɗaya ranar da suka fara haɗa ido a makarantar kangararru ta Sword & Cross, wai tsabar ƙauna ce. "Kare ta yake yi, ke dai ba ki gane ba ne."

Kuskuren da ba a yi wa Dillaliya shi ne tambaya mai ma'ana. Wadda ta ce, to tunda ya san kusantarsa ke ƙona 'yar mutane, me ya hana shi canza gari duk tsawon shekarun nan, ta jawo wa kanta. Dillaliya za ta yi dariyar tausayi ta ce amsar tana littafi na uku, ta zuge jaka ta fito da Passion, domin dama da shi take yawo, da Torment da Rapture duka, saboda irin wannan rana. Daren jarrabawa ma ba ya hana ta tashin mutum ƙarfe biyu don ta ji ko an kai wurin da ita ta yi kuka. Fim ɗin Fallen da aka yi a 2016 kuwa sai ta tilasta wa ɗaki guda kallonsa, sannan ta hana kowa jin magana, tana lissafa abin da aka cire. Duk da haka ba a iya fushi da ita. Ita kaɗai ce ke ba da aron littafi ta kuma haɗa da cajar waya.

Lauyar Patch ta fi ta taurin kai. A tuna mata cewa Patch, jarumin Hush, Hush, ya matsa wa Nora a ajin nazarin halittu har ta roƙi a canza mata wurin zama, kuma tun farko niyyar kashe ta ya zo da ita don ya zama mutum, sai ta ce ai ya fasa. Hujjarta ke nan gaba ɗaya. In aka matsa, ta kawo maganar tabon da ke bayansa inda aka fizge fukafukan, idonta ya ciko.

'Yan jam'iyya su ma suna nan: Daniel ko Cam na Fallen, Christian ko Tucker na Unearthly, littafin Cynthia Hand na 2011. An yi gaba ta mako guda a kan wannan, an raba tukunya. Mai wannan shafi ba ta shiga siyasa, sai dai duk mai hankali ya san Tucker, yaron da ya iya hawan doki da kamun kifi a tsaunukan Wayomin, ya fi Christian da aka gano a mafarki.

Sai Ustaz, wanda ya hango bangon Hush, Hush daga nesa, ga ƙato ba riga yana faɗowa gashin fiffike na tashi, ya tsaya ya yi bayani: mala'iku daga haske aka halicce su, ba sa ci, ba sa aure, ba sa saɓo, Iblis kuma aljani ne kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Gaskiya ya faɗa, babu kuma wadda ta taɓa musa masa. Marubutan daga nasu littattafan suka ɗebo, wato babi na 6 na Farawa da Littafin Anuhu, wanda cocin Habasha ke riƙe da shi cikin nassinta, inda aka ba da labarin masu tsaron da suka sauko suka auri 'yan Adam. Yawancin masu karatu a nan tuni suka warware matsalar a zuci, suna ɗaukar samarin a matsayin aljanu, tunda labarin aljani ya auri budurwa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Ustaz ya karɓi littafin don ya ga iyakar ɓarnar. Bayan kwana kaɗan ya aiko ƙanwarsa ta tambayo ko ɓarnar tana da kashi na biyu.

Mai "nawa daban ne" ba ta yarda soyayya take karantawa ba. Ita Angelfall na Susan Ee take so, inda masu fukafukan suka ragargaza duniya, Penryn ta tsinci Raffe an datse masa fiffike, ta ɗaure shi don ya kai ta wurin ƙanwarta gurguwa da aka sace. Labarin yaƙi ne, in ji ta. Shafukan da suka fi yin laushi a kwafinta dai ba na yaƙi ba ne.

Mai fasa ƙwai ta ga mutum da City of Bones ta ce kada ya damu, Clary da Jace ba wa da ƙanwa ba ne, sai a littafi na uku za a gane. Marubuciyar gobe kuwa, tun da ta ji Alexandra Adornetto ta Ostiraliya tana da shekara 18 aka buga mata Halo a 2010, ta buɗe shafi a Wattpad. Har yau tana babi na uku.

Duk waɗannan ana dariya da su a ci abinci kwano ɗaya. Wadda ke sa mutum ya ajiye cokali ita ce Tubabbiya. Ta karanta su kaf a zamaninta, ta jiƙa filo, ta yi gaba saboda Cam. Yanzu ta yi digiri, ta koma manyan littattafai, sai ta mayar da ƙannenta abin nishaɗi. Yarinya 'yar shekara 15 ta lafe a lungu da littafin Turanci mai shafi ɗari huɗu, ba malamin da ya sa ta, ba maki a ciki, sai Tubabbiya ta fizge a gaban baƙi ta karanto layi da muryar shaƙiyanci. "Wannan shirmen kike ɓata lokaci a kai?" Yarinyar ta ce, "Yaya, don Allah ba ni," ana ta ƙyaƙyatawa.

Da ma ta zauna da ita ta ce, kin ga wannan bibiyar da Patch ke yi, in wani ya yi miki a zahiri ki faɗa a gida. Akwai abin faɗa sosai a kan littattafan nan, kuma ba wanda ya fi tsohuwar mai karatu cancantar faɗarsa. Ita ba wannan ne ya dame ta ba, so take a shaida ta waye. Ƙanwar kuwa ba Chinua Achebe ta koma ba, karatun ta daina ɗungurungum, ta kama kallon TikTok.

Littafin da aka fizge ɗin ma na Tubabbiya ne. Sunanta na nan a bangon ciki da jan biro, ta haɗa da na Cam, ta zana musu zuciya da kibiya, har da sunayen 'ya'ya uku.