Jirgin Alhaji

Ba ni da mota. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, domin duk wanda na soma ba shi labarin nan da wannan tambayar yake tare ni, yana murmushi wai ya gano abin da ya shige mini duhu. Babur gare ni, shi ma na haɗin gwiwa ne da ƙanena. Amma ban taɓa jin inda aka ce sai mai doki ne kaɗai zai sayi sirdi ba.

Yadi nake sayarwa a Kasuwar Kongo a nan Duwala, shadda da atamfa da leshi. A New Bell aka haife ni, ko da yake asalinmu Garwa ne. Akwai wani abokin ciniki da ya ci bashin shadda har ya fara sauya hanya in ya hango rumfata. Ranar da na ritsa shi, ya ce kuɗi kam babu, amma akwai kaya. Mahaifinsa ya yi wa Turawan katako aiki, da za su tafi suka bar masa wata karaban a wani fili a Bonaberi: ɗaki ne mai taya wanda mota ke ja, da gado da murhu da makewayi a ciki, jikinsa duk alminiyam.

Na je na gani. Ciyawa ta kai tagogi, kaza ta yi ƙwai a murhu, amma jikin nan ko ɗigon tsatsa babu, a garin da kwaɗon ƙofa ba ya ganin damina biyu lafiya. Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'a, ya ɗauki hoto ya lalubo a waya. Ya ce Kawu, wannan Airstream ce, ƙirar Amurka, kuma a 1959 mai kamfanin, Wally Byam, ya jagoranci ayarin irinta guda 41 daga Cape Town har Alƙahira. Yana rufe baki na gama lissafi. In Turawa sun ratsa Afirka daga wancan bakin zuwa wancan a zamanin da kwalta ba ta kai ko'ina ba, me zai hana ni Babbar Sallah a Garwa? Kilomita dubu da 'yan kai ne kawai: Yawunde, Bertoua, Ngaundare, a gangara dutse, sai gida. Har na hango kaina na fito daga ƙofarta da babbar riga, dangi sun yi cirko-cirko. Na yafe bashin a tsaye.

Tayoyin sun riga sun zama gari, don haka a bayan babbar mota aka ɗora ta. Muka hau gadar Wuri, 'yan bensikin, wato masu acaɓa, suka dafo mana baya suna busa oda, wani na ihu, "Magida, ina fiffiken?" Da muka iso shataletalen Deido, inda gunkin nan mai tsawon kusan mita 12 yake tsaye tun 1996, wanda Joseph-Francis Sumégné ya harhaɗa da tarkacen ƙarfe, wani mai sayar da ruwa ya tambayi direba ko amarya aka kawo wa gunkin. Ban tanka ba. Kafin mu shiga unguwa labari ya riga mu, kuma suna ya zauna: jirgin Alhaji.

Wanda bai san New Bell ba sai an yi masa bayani. Jamusawa ne suka ware wurin gab da yaƙin 1914, don su kwashe mutanen Duwala daga bakin ruwa su mayar da su baya, da tazarar kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi suka cika wurin, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu, kowa ya kafa ɗakinsa inda ƙafarsa ta tsaya. Abin da ya rage tsakanin bango da bango shi muke kira hanya. Lungunmu, in mai kura ya shigo, mai tafiya a ƙasa sai ya koma da baya. Ita kuwa karaban faɗinta ya haura mita biyu. Allah Ya taimake ni, filin maƙwabcina na baya fayau yake, ba komai sai ayaba da juji. Na roƙe shi, ya ce ba komai, ai maƙwabtaka ta fi haka. Aka cire shingen kwano, masu turin kura suka taru, da salati da ashar aka tura ta har tsakar gidana.

Uwargida ta fito tana goge hannu da gefen zani.

"Alhaji, da me za a ja ta?"

"Allah zai kawo mota."

"To, Allah Ya kawo. Kuɗin shaddar fa?"

"Ga su nan kina kallo, sun zama kadara."

Ta zagaya kadarar, ta leƙa ciki, ta ce ƙwan kazar dai nata ne.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi na ba girman fara shiga. Ya yi bisimilla, ya sa ƙafar dama, ƙafar ta wuce har gwiwa. Ashe daɓen katako ne, kuma gara da danshi sun gama da shi tun ina makarantar allo. Da aka zaro shi, takalminsa ya tsaya a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ce mini ɗaki ne. Ba ka ce rijiya ba ce." Da muka ɗaye daɓen sai ga shasi, wanda shi ba alminiyam ba ne, baƙin ƙarfe ne, ana taɓa shi yana zuba. A cikin bango kuwa audugar gilas ce, wadda ɓeraye suka mayar unguwa guda. Na kwashe ta da hannu ba safa, na kwana ina susa har uwargida ta ce in koma zaure.

Mai walda na bakin titi ya gyara shasin, kuma ya yi aiki mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Nasarar ce ta hau masa kai. Ya hango wani ɗan tsagu a jikin bango kusa da ƙofa, ya ce bari ya ɗan taɓa. Na ce wannan fa ba irin wancan ba ne. Ya ce, "Alaji, ƙarfe ƙarfe ne." Baƙin ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,500 yake narkewa, alminiyam kuwa a 660 ya gama sallamawa, ga shi falle ne siriri. Sandar walda na sauka, tsagun da yatsa ke rufewa ya zama ramin da kan yaro ke shiga. Ya ɗaga gilashinsa ya duba, ya ce, "Alaji, ka samu taga kyauta."

A nan na koyi cewa jikin ba a walda aka haɗa shi ba. Fallaye ne aka ɗora wani kan wani aka ɗinke da ribet, dubbansu, yadda ake haɗa jirgin sama, abin da ya sa 'yan bensikin ba su yi ƙarya duka ba. Irin ribet ɗin nan mutum biyu yake so: ɗaya a waje yana duka, ɗaya a ciki ya tokare da guntun ƙarfe. Ƙanena na sa a ciki, tunda rabin babur nasa ne kuma babur ne ke zirga-zirgar sayo kaya. Da ya fito da yamma, ladan ya kira magariba bai ji ba, ga masallaci a bakin lungu. Kafinta kuma ya ga ribet ɓata lokaci ne, ya ɗaure nasa ɓangaren da sukurori na ƙarfe. Ba a jima ba kowane sukuru ya yi wa kansa zobe na farin gari, domin in ƙarfe iri biyu suka haɗu a iskar gishiri mai danshi, ɗaya ne ke cin ɗaya, kuma nawa ne ake ci.

Camp Yabassi, inda ake cewa ko kayan motar da ba a ƙera ba tukuna za ka samu, can ma na zama sananne. Ba a taɓa ce mini babu ba. "Akwai, Alaji, zauna." A tura yaro, a ba ni kujera, yaro ya dawo da wani abu na motar Japan. Amurkawa da inci suke awo, mu da milimita, saboda haka kowane noti sai ya yi kusan shiga, kowace sifana ta yi kusan kamawa. Yanzu ina da buhu guda na kayan da suka yi kusa.

Wankin jikin, wani mai wankin mota ne ya kawo shawara: sodar sabulu, a jiƙa a shafa, ko tukunyar shekara goma sai ta yi fari. Muka shafa. Bango ya fara tafasa yana kumfa yana huci, yara suka watse, ya bar dabbare-dabbaren toka. Da daddare ɗan ƙanwata ya zo ya bayyana mana dalla-dalla cewa soda cin alminiyam take yi. Ilimin yaron nan ba shi da aibi, sai dai kullum a makare yake isowa. Sai da muka koma guga da man goge ƙarfe da tsumma, 'yan lungu suna yi ina biyansu da alewa. Da ta ɗauki ƙyalli kuwa, ta ɗauka. Matan gida suka daina neman madubi, mai aski ya fara turo mutane su duba ƙeyarsu, Malam na makarantar allo ya aiko a gaya mini cewa da hantsi hasken yana dukan idon almajiransa, in yi wa Allah in rataya buhu.

Sannan damina ta kankama. Duwala na samun ruwa sama da milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na Garwa, kuma a Yuli da Agusta sama ba ta san hutu ba. Yoyon karaban yana da wayo: ruwa ya shiga ta rufi a baya, ya bi ta cikin bango, ya ɗigo a gaba daidai kan matashi. Ka toshe inda yake ɗiga, ya koma inda ka ajiye waya. Uwargida ta ba da aron langa da fanteka bisa sharaɗin a dawo da su kafin girki. In rana ta fito aka rufe ƙofa, zufa ta fi ruwan yawa. Ta taɓa leƙowa ta same ni a jiƙe sharkaf, ta tambaya cikin ladabi ko zan matsa ta aza dambu.

Wuta ita ce ta ƙarshe. Wayoyin ciki na Amurka ne, 110, tamu kuwa 220. Mai gyara ya ce a jona a gani. Fanka ta juya da gudun da ba ta taɓa yi ba a ƙasar haihuwarta, ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, lungu gaba ɗaya ya yi duhu. Na ji maƙwabta sun fito suna tsine wa masu wuta kamar yadda aka saba, ban kuwa ga dalilin gyara musu zato ba.

Duk wannan hidima akwai mutum ɗaya da bai taɓa yi mini dariya ba. Wani dattijo ne mutumin Maraɗi, mai zubin tukwanen dalma. Tun 1957 ake narka alminiyam a Edea, bakin kogin Sanaga, amma su masu zubi ba can suke saye ba, gwangwanayen lemo da tsoffin kayan inji suke tsinta su narka. Kullum bayan la'asar zai zo ya yi sallama, ya zauna a kan turmi, ya zuba wa karaban ido yana motsa baki. Na ɗauka tasbihi yake. Ashe tukwane yake ƙirgawa.

Ana saura kwanaki Sallah aiki ya kammala, da labule da katifa da sababbin tayoyi. Na yi ciniki da mai a-kori-kura ya ja mu. Muka zagaya baya don a cire shingen kwano, sai muka tarar da bango. Maƙwabcina ya gina shaguna, jere, da bulo da dakali. Na ga ana ginin, ba zan yi ƙarya ba. Har barka na yi masa, har siminti aka riƙa ɓoyewa ƙarƙashin karaban saboda ruwa. Amma a cikin magina da leburori da masu wucewa ba a samu mutum ɗaya da ya ce mini, Alhaji, hanyarka ce fa ake toshewa. Wannan shi ne zumuncin zamani.

Na kai ƙara gaban dattawan unguwa a ƙofar masallaci. Na ce, "Allah Ya ƙara muku girma, ta nan ta shigo." Babbansu ya ce, "Alhaji, da ta shigo, ka ce masa za ta fita?" Aka yi shiru. Aka yanke cewa fili na mai fili ne. Wani ya ce a ɗauko injin ɗaga kaya irin na tashar jiragen ruwa a fizge ta ta sama, aka ɗaga kai aka dubi wayoyin wuta da suka sarƙe a samaniyar lungu, aka bar maganar. Wani ya ce a kwance ribet ɗaya bayan ɗaya a sake haɗawa a waje. Ƙanena na jin haka ya tuna yana da uzuri a Ngaundare. Dattijon Maraɗi ne ya yi magana a ƙarshe, a hankali: "Alhaji, in ka yarda, ni zan fitar da ita ta ƙofar gida ba a taɓa bangon kowa ba. Tukunya-tukunya."

Ban yarda ba. A New Bell muka yi Sallah, ragon ma a jikin tayarta aka ɗaure shi. Sai dai labari ya kai arewa cewa Alhaji ya yi ɗakin baƙi irin na Turai, kuma tun daga ranar bai kwana ba kowa ba: mai jiran mota daga tashar ruwa, mai zuwa asibiti, mai neman aiki, da wani ɗan kawun kawu da ya zo kwana biyu tun kafin azumi. Uwargida ce ke riƙe da makulli da jerin suna.

Don haka 'yan uwa na Garwa da Marwa, ku riƙa bugo waya tun kuna Ngaundare, kada ku faɗo mana da asuba. A zo da gidan sauro da fanteka, kuma kada wanda ya taɓa fanka.