Mu Nan Sai An Zauna Da Mu

Mu mutanen ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Kunci, kowa ya san halinmu. Ba ma gudun sabon abu, amma ba a ɗora mana shi daga sama. Takin zamani ma sai da muka ga geron maƙwabci ya yi kyau sannan muka saya.

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta zancen kawo kwamfuta makarantu ya shigo gidajenmu. Yaro ya iya lissafi, ya iya Turanci, amma ya je Bici ko Kano zana jarrabawar hannunsa na rawa, don bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Amma saboda halin nan namu, duk hedimasta mai hankali ba ya fara sauke kwalayen kwamfuta. Ƙofar gidan mai unguwa yake fara zuwa, a shimfiɗa tabarma bayan la'asar.

"Malam, wuta fa? Ka san mu da NEPA sai gani sai hange."

"Ranka ya daɗe, sola za a kafa."

Liman ya gyara zama. "'Ya'yanmu mata fa, me za su riƙa kallo a ciki?"

"Allah gafarta Malam, ka zo da kanka ka duba darasin, ƙofa a buɗe take."

Sai malamin aji ya sa baki: "Baba, mu a fara koya mana. Kada ɗalibi ya yi tambaya in tsaya ina kame-kame."

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi. Malamin da aka tsallake, kulle ɗakin kwamfutar zai yi, ƙura ta cinye kayan.

Amma idan aka gamsar da mu, sai ka ga aiki! Matasa su yi gayya su buga bulo, mai walda ya haɗa ƙofar ƙarfe, kwamitin kula da makaranta (SBMC) ya nemo mai gadi. Da kaka kowa ya auno tiyar gero ko gyaɗa, iyaye mata su ware wani abu daga adashi.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ga kuma shirin AGILE na Bankin Duniya da ke tallafa wa karatun 'yan mata. Madalla. Roƙonmu ɗaya ne ga masu kawo kayan: ku horar da malamanmu tukuna, ku zauna da iyaye. Abin da aka shawarce mu a kai, mu ne masu gadinsa.