Kowa da Kujerarsa: Mutanen Mashayar Becontree

Waɗanda suka zana unguwar Becontree a gabashin Landan mutanen kirki ne, kuma sun yi imani cewa in ka canja wa talaka gida ka canja masa hali. Hukumar birnin ta fara ginin a 1921, ta kammala a 1935. Gidaje wajen 26,000 aka jera, aka zuba musu mutum fiye da 100,000, yawancinsu an kwaso su daga matsattsun lungunan gabashin birni. Kowane gida da famfonsa, da ɗan lambu gaba da baya, da shingen ganye. Har takardar dokoki aka raba wa 'yan haya, a wanke taga, a gyara lambu. Abu ɗaya hukuma ta yi wa rowa, shi ne mashaya. Ba ta son lebura ya kai albashinsa gidan giya, sai ta bari aka gina 'yan ƙalilan, manya-manya, nesa da juna. Dabarar ta haifar da abin da ba a zata ba. A tsohuwar unguwa kowa na da mashayar da ta dace da halinsa, amma a nan dole mai surutu da miskili, marowaci da almubazzari, su taru ƙarƙashin rufi ɗaya.

Na yi haya a unguwar shekarun baya. Kafin mai karatu ya fara salati, giya ba ta taɓa bin maƙogwarona ba. Ƙwallo ce ta kai ni mashaya, sai kuma ɗumi, domin mai gidan da nake haya yana kashe na'urar ɗumama ɗaki da wuri, wai sanyi yana ƙara lafiya. Lemun kwalba nake sha. Ribar mai shan lemu a mashaya guda ce: shi kaɗai yake tuna abin da aka faɗa jiya.

Shugaban wurin, ko da yake ba a taɓa naɗa shi ba, shi ne Mai Kujera. Tsoho ne, kujerarsa tana kusurwa tsakanin murhu da taga, fatarta ta lotsa daidai girman mazauninsa. Bai saye ta ba, ba ya biyan hayarta, amma tasa ce. Kofinsa na ƙarfe yana rataye a ƙugiya bayan kanta, kuma kafin ya tuɓe hula an cika masa shi. Kalmominsa na dare ɗaya ba su wuce na gaisuwar makoki ba: "An yi sanyi," sai bayan awa guda, "Gobe ma haka." Abin kallo shi ne ranar da baƙo ya shigo ya zauna a kujerar. Ba wanda zai ce masa tashi, domin Bature ya gwammace ya mutu da ya faɗa maka ka yi laifi. Sai hira ta ɗauke. Wani ya yi tari, wani ya kama nazarin rufi. Tsohon zai zo ya tsaya taku biyu daga baƙon, kofi a hannu, yana kallon bango cikin haƙuri, har zufa ta karyo wa baƙon ya miƙe bai san laifinsa ba. Da tsohon ya rasu kujerar ta yi makonni ba kowa, sannan wani dare mai bi masa a shekaru ya koma kanta, aka rataye nasa kofin a ƙugiyar. Ba a kira taro ba, ba a kaɗa ƙuri'a ba.

Kusa da shi akwai Ɗan Ford. Kamfanin motoci na Ford ya buɗe masana'antarsa a Dagenham, bakin kogin Thames, a 1931, kuma sai a 2002 aka daina harhaɗa mota a can, aka ci gaba da ƙera inji. Wannan bawan Allah ya yi shekara talatin yana ɗaure noti iri ɗaya, kuma kalandarsa motoci ce. Ka tambaye shi yaushe ya yi aure, zai ce shekarar da aka fito da Cortina ta biyu. Ya tsani kamfanin tsana mai tsanani. Zai zagi fomansa wanda ya daɗe a kabari, ya zagi gudun layin aiki, ya nuna maka yatsan da ba ya lanƙwasuwa. Amma wani ya kuskura ya ce motar Ford gwangwani ce, sai ka ga ya ajiye kofi ya miƙe tsaye. Shi kansa motar Japan yake hawa, yana ajiye ta can bayan gini inda fitila ba ta kai.

Danginsa na kusa su ne Shaidun Tarihi. A 1968 mata 187 masu ɗinka rigunan kujerun mota a masana'antar suka shiga yajin aiki kan albashi, abin da ya share hanyar dokar daidaita albashin maza da mata ta 1970. Mata 187 ne kacal, amma ban taɓa haɗuwa da ɗan unguwar da gwaggonsa ba ta cikinsu ba, kuma a sahun gaba. Haka ake yi da wata mashaya mai suna Roundhouse da ke gefen unguwar, inda ƙungiyoyin mawaƙa irin su Led Zeppelin da Queen suka taɓa yin wasa. Duk mai furfura yana wurin a daren, yana dab da dandamali, har mai kiɗan ganga ya ɗaga masa hannu. Da za a tara masu wannan iƙirari, filin Wembley ba zai ɗauke su ba.

Sai wanda na fi jin daɗin kallo, Magujin Zagaye. Al'adar mashaya ita ce in mutum biyar suka zauna tebur ɗaya, ɗaya zai sayo wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, har a zagayo. Adashe ne, sai dai ba uwar adashe, ba littafi, kowa na riƙe da lissafi a kansa. Ni an tsame ni daga ciki tunda na ce kuɗina ba za su sayi giya ba, aka yanke mini hukuncin sayen gyaɗa da soyayyen dankali. Magujin Zagaye kuwa yana ciki tsundum wajen kwasa. Gwanintarsa sanin lokaci. Yana lura da kofuna, da ya ga sun kusa ƙasa kuma layi ya zo kansa, sai fitsari ya matse shi. Wani daren wayarsa ce za ta yi ƙara, ƙarar da shi kaɗai ya ji. Wani daren zai tashi da ƙarfin hali ya nufi kanta, ya lalube aljihun hagu, ya lalube na dama, ya daki ƙirji, fuskarsa ta nuna tashin hankali na gaske, har wani mai saurin jin kunya ya ce, "Bar shi, aboki, na biya." Idan ƙaddara ta ritsa shi, yakan jira sai biyu sun tafi gida, ɗaya kuma ya koma shan rabin kofi, sannan ya buga tebur ya ce, "Yau kowa ya faɗi abin da yake so!" Kowa ya san halinsa. Shekara ashirin ana zama da shi, ba a taɓa faɗa masa ba, ba a kuma taɓa yafe masa ba. A ranar jana'izarsa ma sai da wani ya raɗa cewa ga shi ya sake tafiya ana dab da zuwa kansa.

Ranar Asabar ta Koci ce, wanda hukumar ƙungiyar ƙwallon West Ham ta yi sakacin ɗauka aiki. Tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki, rabonsa da gudu tun yana firamare, amma ya san abin da ya kamata ɗan wasan gefe ya yi. Aƙidarsa ɗaya: ba Ingila ce ta ci kofin duniya a 1966 ba, West Ham ce. Hujjarsa kuma ba ta da sauƙin karyawa, domin kyaftin Bobby Moore ɗan West Ham ne, ƙwallaye huɗun da aka zura wa Jamus ta Yamma kuwa Geoff Hurst ya ci uku, Martin Peters ya ci ɗaya, duk 'yan West Ham. Ya ƙara da cewa kocin ƙasar, Alf Ramsey, haifaffen Dagenham ne, sai ya dube ka kamar shi ya yanke masa cibiya. Tambayar abin da ƙungiyar ta yi a makon jiya rashin ladabi ne.

A can bango akwai Mai Kibiya, wanda ya bar makaranta malamin lissafi yana hamdala. Wasan jifan allo ana farawa da maki 501 ne a yi ta ragewa har sifili, kuma dole jifan ƙarshe ya faɗa gurbin ninki biyu. Ka ce masa saura 121, kafin ka rufe baki ya ce ashirin sau uku, sha ɗaya sau uku, sha huɗu sau biyu. Takardar kuɗin wuta kuwa sai matarsa.

Dillali ba ya zama. Yakan leƙo da jaka, ya duba hagu da dama, ya zuge zif kaɗan: nama a leda, batir, turare, wani lokaci takalma ƙafar hagu zalla. Kayansa kullum daga bayan wata babbar mota suka faɗo, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalilin da ya sa motocin yankin ba sa rufe ƙofa.

Duk waɗannan a tafin hannun mace ɗaya suke, Uwar Mashaya. Kowa "masoyina" ne a bakinta, har wanda take kora. Ta san wanda aka sallama daga aiki, da wanda matarsa ta yi yaji, da kofi na nawa ne ke mai da wane mawaƙi, na nawa ke mai da shi ɗan dambe. Makaminta ƙararrawa. Tun Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta taƙaita lokutan mashaya don ma'aikatan ƙera makamai su tashi da wuri, aka saba da rufewa ƙarfe sha ɗaya. Dokar da ta fara aiki a 2005 ta ba da damar neman izinin wuce haka, amma ita ta ce dokar ba ta san ciwon ƙafarta ba. Sha ɗaya saura minti goma za ta kaɗa, ƙarti su ruga kanta. Hukuncinta mafi tsanani shi ne hana mutum shigowa, kuma a unguwar da mashaya ta gaba take da nisa, na ga ƙato mai zanen macizai a dantse ya dawo da furanni yana ba da haƙuri.

Akwai kuma waɗanda ba sa shiga amma da su ake zaman. Mai Labule tana gidan da ke kallon ƙofar mashaya, ba a taɓa ganin fuskarta duka ba, sai ido ɗaya da gefen labule. Kafin mutum ya kai gida matarsa ta ji da wa ya fito. Maƙwabcinta shi ne Mai Sabuwar Ƙofa. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan hayan gidajen hukuma damar saye da ragin kashi 33 zuwa 50 cikin ɗari. Ranar da ya karɓi takarda ya cire ƙofar hukuma ya sa mai gilashi, ya manna duwatsun ado a bango, ya tumɓuke shingen ganye ya zuba siminti don mota, ya kafa zakuna biyu na siminti a bakin gidan da bangonsa ɗaya da na maƙwabci. Tun daga ranar yake cewa "mutanen unguwar nan" kamar shi daga wata ya zo.

Wanda ya fi shafata shi ne Malam Ban-da-kai. Zai jawo kujera kusa da ni, ya ɗauki gyaɗata, ya fara: baƙi sun cika unguwa, sun ƙwace gidaje, ba a jin Turanci a bas. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ban da kai, aboki, kai namu ne." Ban da likitansa ma, ɗan Indiya. Ban da ma'aikaciyar jinya 'yar Najeriya da ke kula da mahaifiyarsa, wadda ya ce mala'ika ce. Ban da mai shagon kwana da ke ba shi bashi. In ka bi lissafinsa, duk baƙon da ya sani an cire shi, saura waɗanda bai taɓa gani ba. Abin ba dariya ba ne zalla, don a 2006 jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta ci kujeru 12 a majalisar ƙaramar hukumar Barking da Dagenham, kafin ta rasa su duka a 2010. Shi dai burinsa ya sayar da gida ya koma Sifen, inda ya ji an ce akwai unguwannin da ba sai ka koyi yaren kowa ba.

Ranar 1 ga Yulin 2007 aka hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a a Ingila, sai ga sabuwar ƙabila, 'Yan Bakin Ƙofa, masu tsayuwa cikin yayyafi suna rawar ɗari, suna ƙulla zumunci da mutanen da suka shekara goma ba su gaisa ba. A ciki kuma, da hayaƙi ya washe, aka fara jin ainihin warin kafet, wasu suka ce a dawo da tabar.

Mashayu da yawa a irin waɗannan unguwanni sun rufe tun daga lokacin. Giyar babban kanti ta fi araha, ƙwallo ta shiga falon kowa, wasu gine-ginen sun koma shaguna, wasu an rushe an yi benaye. Hakan ya fito da Mai Makoki. Shi ne ke yawo da takardar koke ana sa hannu, yana cewa an kashe zuciyar unguwa, idonsa har da ƙwalla. Na tambayi Uwar Mashaya ko ta san shi. Ta ce ƙwarai, rabonsa da shigowa tun bikin 'yarsa, kuma har yanzu tana bin sa kuɗin kofuna biyu da ya fasa.