Alhaji, Sauko Daga Kan Kwanon Nan

Masu gidajen haya na Matazu, ku matso, yau da ku nake. Na san tun kafin a gama layin farko wani ya taɓe baki ya ce, "Ga ɗan boko nan zai koya mana yadda za mu yi da gidan da muka gina da guminmu." Alhaji, kwantar da hankalinka, ba gidanka zan karɓa ba. So nake ka mayar wa kafinta gudumarsa, ka bar kwanon ɗakin malamin makarantar nan yadda yake, mu yi magana tukuna.

Kukanku gaskiya ne. Mutum ya shigo da fara'a, har da "Allah ya ƙara arziki, ranka ya daɗe." Watannin farko kuɗi na zuwa kafin ka tambaya. Daga nan sai a buɗe babin "sai albashi." Albashi ya zo, a ce mai shago ya cinye. Manomi kuwa ya ce sai kaka. Kaka ta zo, ya ce masara ba ta da daraja yanzu, a bari ta tashi. Ta tashi, ya ce ai tun tana gona ya ci kuɗinta a taki. Ka je da safe a ce ya fita, ka je da dare a ce ya kwanta, alhali kana jin muryarsa yana gardamar ƙwallo a waya. Kuma shayi da ƙwai ba ya wuce shi kullum. Duk na yarda.

A wajen magani muka raba hanya. Kwance kwano ana tsakiyar damina, ɓalle ƙyaure, danna wa ɗaki kwaɗo, watso katifa da tukwane bakin titi, yanke wuta (in ma akwai wutar): duk wannan a wurin doka kutse ne. Da safe kai kake bin bashi, kafin la'asar kai aka kai wa sammaci, ana neman diyyar kayan da ruwa ya jiƙa. Wanda ya hana ka kuɗin shekara sai ya koma mai ƙara, yana tsaye gaban alƙali yana share hawaye da hannun riga. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Wannan dokar Legas ce, nan Matazu ne." To bari in ba ka labarin Legas ɗin. A 1985 gwamnatin soja ta jihar ta tura jami'ai da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive da ke Ikoyi, alhali maganar gidan tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin tatas, ta ce ko hukuma ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta. Gwamnan soja ne fa, mai bindiga da igwa, aka ce masa bai isa ba. Kai da me kake taƙama? Kafinta ɗaya da ƙanen matarka? Hukuncin Kotun Ƙoli kuma ba ya tsayawa a Funtua ya juya, yana isowa har ƙofar zaurenka.

Hanyar ba ta da wuya, haƙuri kawai take ci. Dokokin karɓar gida daga ɗan haya a jihohin ƙasar nan kusan bakinsu ɗaya: idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi wa'adi, mai biya wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biya duk wata uku a ba shi wata uku, mai biyan shekara a ba shi wata shida. Wa'adi ya cika bai tashi ba, sai takarda ta biyu ta kwana 7, mai shaida masa cewa za ka je kotu. Alƙali ya yi hukunci, ma'aikatan kotu su ne za su fitar da kaya, kai kana gefe da carbinka.

"Wata shida! Ya ƙara zama a banza?" Wa ya ce a banza? Kowane wata da ya ƙara ana lissafa masa, kuma kana iya haɗa tsohon bashi da sabo ka nema a ƙara ɗaya. Sannan wata shidan nan wa ya jawo maka? Da kun rubuta tun ranar shiga cewa wa'adin tashi kaza ne, da shi za a bi. Amma ina! Aka ce a rubuta, ka ce, "Haba, ai ɗan gidan aminina ne, takarda ta me?" Alhaji, kai da ba a raba ka da sahun farko, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka ji ta a tafsiri kowane azumi, kana gyaɗa kai. Rasit na naira ɗari kuma ya gagare ka.

Shi kuma mai cewa, "Ni ba ruwana da kotu, ofishin 'yan sanda zan kai shi ya kwana biyu ya gane kurensa," sannu da dabara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. In aka tsare shi a kan kuɗin haya, ka ba shi ƙara ta biyu kyauta, ta tauye masa haƙƙi, wadda sunanka zai fito a ciki.

Nan kuma dole in ba masu shakka nasu. Kotu tana da jan ƙafa, wani lokaci har abin ya zama abin dariya. Akwai shari'ar wani fili a Surulere, tsakanin kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, da aka fara a 1993, Kotun Ƙoli ba ta rufe ta ba sai 2021. Yaron da aka raɗa wa suna shekarar da aka shigar da ƙarar ya isa ya kama tasa hayar kafin a gama. To amma ku ji abin da ya fito daga ciki: kotun ta nuna ba za a bar mai zaune a gidan mutane ya laɓe bayan ɗan kuskuren notis yana cin shekaru ba. Hukuncin nan ku ya yi wa daɗi. Kuma rigimar ɗaki biyu a Matazu ba sai ta je Abuja ba. Akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai liman, wanda kalmarsa ɗaya bayan sallar Magariba ta fi takardar lauya saurin shiga kunne. In sulhu ya ƙi, ga kotunan Shari'a da jihar Katsina ke da su tun 2000, alƙalan sun san babin haya a fiƙihun Malikiyya sarai.

'Yan haya, na ga kuna dariya kuna tafa hannu. Ku rage murya. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kira jan biyan bashi ga mai hali zalunci. Dokar da ta hana a yaye maka rufi ba ta yafe maka ko sisi ba. Kai da ka sayi sabon babur kana bi ta lungu don kada ku haɗu da mai gida, da kai ake.

Amma Alhaji, ka bambance. Cikin masu zaune a ɗakunan garin nan akwai waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, suka bar gona da rumbu, suka shigo da tabarma da yara. Wannan ba taurin bashi yake yi ba, babu ce. Aya ta 280 a Suratul Baƙara dai ta yi umarni a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. Shi a zauna da shi gaban mai unguwa a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, ko a ba shi lokaci ya nemi wani wuri ba tare da tozarci ba. Mai baburin kuwa a ba shi notis yau, a rubuce, da kwanan wata da shaidu biyu, ka riƙe kwafi ɗaya.

Wanda zai shigo gobe kuma, ko ɗan wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, kada ya taɓa makulli sai ya sa hannu a takarda.